Itacen Lemun Umma

A bayan ɗakin girkinsu akwai wani tsohon bokitin fenti. A cikinsa akwai ɗan itacen lemu, tsayinsa bai wuce gwiwar babban mutum ba. Umma ce ta shuka shi da hannunta kafin ta rasu, Allah Ya ji ƙanta.

Umma ta bar yara biyu. Babbar mace ce, tana firamare. A gida 'Yar Sauri ake ce mata, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Idan aka aike ta, kafin a gama faɗin saƙon ta kai bakin ƙofa. Ƙaninta kuwa shi ne Auta. Shi ba ruwansa, in dai cikinsa ya cika.

Wata safiya 'Yar Sauri ta sami Baba yana gyaran ƙafar kujera, don shi kafinta ne.

"Baba, daga yau ni zan riƙa kula da lemun Umma."

"Allah Ya yi miki albarka," in ji Baba. "Amma kin san yadda take yi?"

"Na sani mana," ta ce, tun bai rufe baki ba.

Ta fara ba lemun ruwa da safe. Ta dawo daga makaranta ta ƙara. Da yamma ma ta ƙara. Duk lokacin da ta tuna Umma, sai ta ɗauki kofi ta nufi bayan ɗakin girki. Ga shi kuwa tana yawan tunawa da ita.

Rannan ta ga ruwa yana fita ta ƙasan bokitin. Ta leƙa, ta ga 'yan ramuka.

"Ashe yoyo yake yi," ta ce. "Shi ya sa lemun ya ƙi girma."

Ta samo tsumma da leda ta toshe ramukan tsaf. Auta yana tsaye yana kallonta.

"Yaya, lemun nan ruwa yake sha ko wanka yake yi?"

"Rufe mini baki. Me ka sani?"

Ba a daɗe ba ganyen ya fara yin rawaya. Ta ce ƙishi ne, ta ƙara ruwa. Kai, yarinyar nan, garin neman gira za ta rasa ido. Ganye ya shiga zubewa, ƙasar bokitin ta fara wari. Rannan ta taɓa reshe, ganyen ƙarshe ya faɗo a hannunta. Abin da Umma ta shuka ne zai mutu, kuma a hannunta.

A makaranta ko wasa ba ta fita ba. Malamar ajinsu ta kira ta.

"Yau lafiya? Ke da ba kya zama wuri ɗaya?"

Ta kwashe labarin duka ta faɗa, hawaye yana zuba.

"Malama, ban taɓa barinsa da ƙishi ba. Me na yi masa?"

Sai Malama ta ce, "Rufe idonki. Ki tuna Ummanki da kofi a hannu, a gaban bokitin nan. Me take fara yi?"

Ta rufe ido. Ga Umma a tsugune, ta naɗe hannun riga. Ba ta zuba ruwan ba. Yatsa take fara cusawa a cikin ƙasar. Wata rana ta zuba, wata rana ta mayar da ruwan cikin randa. Har muryarta yarinyar ta ji: "'Yar Sauri, ki tambayi ƙasa tukuna. Ita za ta faɗa miki in tana so."

Ta buɗe ido.

"Malama, ban taɓa tambaya ba."

"To, yanzu kin tuna. Je ki faɗa wa babanku."

Baba ya saurare ta har ta gama. Bai yi faɗa ba. Ya ɗaga bokitin, ya zare tsummokaran. Baƙin ruwa ya tsiyayo, Auta ya toshe hanci ya ja da baya.

"Ramukan nan ni na huda su da ƙusa," in ji Baba. "Ummanku ce ta sa ni. Ta ce saiwa ma numfashi take yi."

Suka fito da itacen a hankali. Baba ya yanke saiwoyin da suka ruɓe, suka zuba sabuwar ƙasa.

"Zai rayu, Baba?"

"Ban sani ba, 'yata. Sai mu jira."

Jira kuwa shi ne babban aiki ga 'Yar Sauri. Kullum da safe sai ta cusa yatsa a ƙasar. In ta ji danshi, ta mayar da ruwan randa, ko da hannunta yana ƙaiƙayi. In kewar Umma ta taso mata, sai ta zauna kusa da bokitin ta yi mata addu'a.

Wata safiya Auta ya shigo da gudu.

"Yaya, lemun ya fito da kunne."

Ta fita ba ko takalmi. Ga ɗan ganye nan kore shar, ƙarami kamar farcen jariri. Don murna kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha.

Auta ya ciko kofi fal zai juye. Ta riƙe hannunsa, ta kama yatsansa ta cusa a ƙasar.

"Ka tambayi ƙasa tukuna. Me ta ce?"

"Ta ce ta ƙoshi."

Baba yana bakin ƙofa da guduma a hannu. Ya daɗe yana kallonsu, yana murmushi.

"Yau na ji muryar Ummanku a gidan nan," ya ce.

Tun daga ranar 'Yar Sauri ta riƙe darasin Umma. So kaɗai ba ya isa. Kafin ka taimaki wani, ka fara tambayar abin da yake bukata.