Littafin Yaya Attahiru

"Kai kuwa wane irin mutum ne, Rabi'u?!"

Shafa'atu ce ta tare shi a ƙofar ɗakin karatu na Gusau, mayafinta ya zame ba ta ko kula ba.

"Shafa, tsaya ki ji..."

"In ji mi? Gaban jama'a fa! Mutum ya taso tun daga Tsafe a bayan akori-kura, yana dogara sanduna, ka dubi idonsa ka ce littafinsa ƙarya ne?"

"Ban ce ƙarya ba. Cewa na yi babu shi a ciki."

"Duk ɗaya ne!"

A shekarar 1975 ne. Duk Asabar bayan la'asar, malaman makaranta da akawunan masaƙa da wasu ma'aikatan jirgin ƙasa kan taru a wannan ɗaki. Sai a ɗauki littafi a tattauna shi, sannan a ba sabon marubuci dama ya karanta nasa a gyara masa. Rabi'u, malamin firamare a Bungudu, shi ke jagorantar zaman. Kowa na tsoron bakinsa, kowa kuma na son jin abin da zai ce. A nan suka haɗu da Shafa'atu, malamar makarantar 'yan mata, har magana ta kai gaban manya aka sa rana bayan kaka.

Attahiru kuwa yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Soja ne da ya dawo daga yaƙin basasa da ƙafa guda. Tun dawowarsa bai cika magana ba, sai zaman zaure. Ita ce ta riƙa kai masa littattafai, daga baya ta kai masa takardu da biro. Da ya gama labarinsa, ita ta lallashe shi ya zo ya karanta.

Labarin wani soja ne da ba ya tsoro, ba ya kuka, harsashi ba ya taɓa shi. Da Attahiru ya kai ƙarshe aka tafa masa. Rabi'u kaɗai bai tafa ba.

"Yaya Attahiru," ya ce, "Hausarka mai daɗi ce. Amma wannan jarumin ko wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba zai iya rubuta shi. Kai ka je, ka gani. Ina abin da ka gani?"

Attahiru ya tattara takardunsa, ya lalubo sandunansa, ya fita.

"Ba za ka iya tausaya masa ba?" Shafa'atu ta ce, hawaye na zuba.

"Kowa tausaya masa yake, Shafa. Ba ki ga yadda suka tafa ba? Ƙafarsa suka tafa wa. Ni marubuci na gani gabana, shi ya sa na yi masa magana kamar marubuci."

"To ka je ka faɗa wa Inna haka!"

Ba ta yi zaton zai je ba. Ranar Juma'a sai ga shi a Tsafe bisa babur ɗinsa. Inna Kulu, mahaifiyarsu Shafa'atu, ta amsa gaisuwarsa daga bayan labule, a taƙaice, don labari ya riga ya iso mata. Ya wuce zaure ya zauna kusa da Attahiru.

Can Attahiru ya ce, "Akwai wani Sule, ɗan garin Mada. Tare muka shiga soja. A kan cinyata ya cika, yana roƙona ruwa. Ga kogi muna kallo, ba halin ɗaga kai."

"Wannan za ka rubuta, Yaya," in ji Rabi'u a hankali.

"In na buɗe wurin nan, Malam, ban san ko zai rufu ba."

"Ina tare da kai. Duk mako zan zo."

Ya kuwa cika alkawari. Duk Juma'a yana zuwa, ya karanta sabon babi, ya nuna inda ya yi kyau da inda Attahiru ya kauce wa abin da ke masa ciwo. A zaman Asabar kuma Shafa'atu ke karanta wa jama'a. Yanzu ba a tafawa. Wani akawu ma fita ya yi waje yana share ido.

Da farko ta yi murna. Ta ce wa Rabi'u, "Ka yafe mani, masoyina. Ashe kai ka fi ni ganinsa."

Amma da damina ta yi nisa, sai ta fara tsorata. Attahiru ya daina cin abinci sosai. Ko an ajiye masa tuwo sai ya huce a gefensa. Tsawa kaɗan zai zabura ya faɗo daga kujera. Dungulmin ƙafarsa ya kumbura yana ruwa, ya ƙi yarda a kai shi asibiti.

"Sai na gama," yake cewa. "In na tashi yanzu, Sule zai tafi ya bar ni."

Inna ta kama hannun Shafa'atu a madafa. "Ki ce wa malamin nan ya ƙyale mani ɗana. Da yana zaune shiru, amma yana ci yana barci. Yanzu dubi yadda ya koma!"

Shafa'atu ta faɗa wa Rabi'u. Shi ma ya tsorata, ya je ya durƙusa gaban Attahiru.

"Yaya, a ajiye rubutun nan. Lafiyarka ta fi littafi."

Attahiru ya yi murmushin da suka daɗe ba su gani ba. "Kai ka ce in shiga ciki, Malam. Ga ni na shiga. Yanzu kuma ka ce in fito?"

Ranar da ya rubuta shafin ƙarshe ya yarda aka ɗauke shi zuwa asibiti a Gusau. Likita ya duba ƙafar ya girgiza kai, ya ce ciwon ya shiga jini. Bai yi mako ba ya rasu, hannunsa cikin na ƙanwarsa.

Rabi'u na cikin masu ɗaukar makara. Da ya zo yi wa Inna gaisuwa, ta juya fuskarta ga bango.

Bayan sadakar arba'in, wata safiya Inna ta kira Shafa'atu ɗakinta.

"Ɗauko takardun nan. Ni ban iya boko ba. Karanta mani abin da ya ci mani ɗa."

Ta karanta mata, daga hantsi har azahar ta gota. Ta karanta tafiyar jirgi zuwa kudu, da yunwa, da ruwan sama a cikin rami, da Sule. Ta karanta inda Attahiru ya ce a duk lokacin da tsoro ya kama shi, muryar Inna yake ji tana kiransa ya zo ya sha fura. A nan kuka ya ƙwace mata.

Inna ta ɗora hannu bisa takardun.

"Ashe da wanga kaya ɗana ke kwana a gidana, ni ban sani ba," ta ce. "Ki ce wa malamin na gode, ya sa na san ɗana." Ta share ido da gefen zane. "Ban hana ki aurensa ba, ɗiyata. Amma in na ga fuskarsa, makara nake gani. Ba zan iya ba."

Shafa'atu ta dubi tsohuwar. Miji ya rasu, ɗa ya rasu, ita kaɗai ta rage mata.

Ranar Lahadi ta shiga mota zuwa Bungudu. Ta iske Rabi'u a ƙofar gidan malamai, ya rame, yana buga kwafin littafin da Attahiru ya bar masa da wata tsohuwar tafireta don a aika wa masu ɗab'i a Zariya. Ya miƙe da sauri.

Ta faɗa masa saƙon Inna, duka, ba ta rage komai ba.

"Ke fa, Shafa? Ke ma makara kike gani?"

"A'a... Ni mijina nake gani." Ta fashe da kuka. "Amma ba zan haifi 'ya'yan da ubansu ba zai iya shiga gidan kakarsu ba. Na nemi canjin wurin aiki. Tsafe zan koma."

"Zan jira, Shafa tawa. Ko shekara nawa ne!"

"Jiran mi, Rabi'u? Jiran Inna ta mutu? Kar ka sa ni in riƙa ƙirga kwanakin uwata."

Ya koma ya zauna gaban tafiretar.

"Ka gama masa littafinsa," ta ce. "Kar ka gyara ko kalma ɗaya."

"Babu abin gyarawa," ya ce.

Ya raka ta tasha. Da motar ta tashi ta leƙo ta taga, ta gan shi tsaye a bakin titi ya rufe fuskarsa da hularsa, kafaɗunsa na girgiza. Ba ta taɓa ganin kukansa ba sai ranar.