Gilashin da Auta Ta Zaɓa

"Wannan nake so."

Auta ta ɗora yatsa a kan gilashin kyamarar da ke hagu, ba ta yarda ta kalli Dogo ba.

Mai shagon ya dubi yatsan nata, ya dubi Dogo, sannan ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, wannan fa makro ne. Na ƙananan abubuwa ne, irin su zobe da idon ƙuda. Mai faɗin shi ne na dama, wanda ke kwaso gini da sararin sama a hoto ɗaya."

"Na sani."

Dogo ya yi 'yar dariya, yana zaton wasa take yi.

"Auta, gada fa za ki ɗauka. Da makro sai dai ki riƙa kawo musu hoton ƙusa ɗaya-ɗaya."

"Ka ce in zaɓi wanda nake so."

"Na ce, amma ai kin san abin da ya kawo mu..."

Ta sani. Dogo ɗan safiyo ne, mai awon ƙasa a kamfanin gina hanyoyi, an tura shi aikin wata babbar gada can nesa, tafiyar yini guda a mota. Kamfanin na neman mai hoton da zai riƙa ɗaukar yadda aikin ke tafiya, shi kuma ya yi ta sintiri a ofis har ya samo mata gurbin. Sun gama tsara komai: a ɗaura aure, su tafi tare. Gilashi mai faɗi kawai ya rage, shi ne ya ce zai saya mata kyauta.

"Ba zan je ba, Dogo."

"Aikin ne ba kya so, ko ni?"

"Ba zan iya tafiya ba dai."

"Me ya faru, zuciyata? Faɗa min. Ko mene ne, mu biyu ne."

Ta kawar da kai. Ta mayar da idonta kan gilashin.

Ya daɗe yana kallonta. Daga nan ya ce wa mai shagon ya naɗe mata wanda ta nuna, ya miƙa mata ledar da hannu biyu kamar yana ba baƙuwa, ya fita bai waiwayo ba.

Abin da ya hana ta magana yana zaune a wani ɗan shago a bakin titi, ƙarƙashin allon da aka rubuta ana gyaran agogo. Mahaifinta ne. Tun tana goye yake wannan sana'a, kuma tun da mahaifiyarta ta rasu, yayyenta suka watse garuruwa da iyalansu, su biyu suka rage a gida. A watannin baya ta fara lura yana laluben ɗan hantsakinsa a kan tebur alhali yana gabansa. Da ta matsa masa suka je asibiti, likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, kuma ba irin wadda ake yi wa aiki ba ce.

A hanyar dawowa Baba ya riƙe mata hannu.

"Auta, wannan maganar ta tsaya tsakanina da ke. Ranar da aka ji mai gyaran agogo ba ya gani, ranar za a daina shigo min shago. Kada yayyenki su ji. Kada kowa ya ji."

"Har Dogo, Baba?"

"Har shi. Yana da 'yan'uwa, 'yan'uwansa kuma suna da baki."

Ta yi masa alkawari.

Da gilashin nan suka ci gaba da rufa wa kansu asiri. A ƙuryar shagon, bayan labule, Auta ta kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ta haɗa ta da allon kwamfuta. In an kawo agogo, sai Baba ya karɓa ya ce a dawo gobe. Ita za ta buɗe bayansa ta ɗauki hoton cikinsa, sai haƙoran injin da ba su kai ƙwayar yashi ba su fito a allon kamar tayar keke. Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Ga shi nan, ja'iri. Kin ga haƙorin da ya lanƙwashe? Ɗauko hantsaki. A hankali, ba nama kike yanka ba."

Ranar farko da ya sake ganin cikin agogo, sai da ya yi ta dariya har ya share ƙwalla. Auta ta taya shi, sannan ta shiga banɗaki ta yi nata kukan.

Ta gaya wa Baba kamfanin ne ya ɗage maganar aikinta, auren kuma sai Dogo ya samu hutu. Ya yarda.

Dogo ya kira ta sau da yawa kafin ya tafi. Tambayarsa ɗaya ce, me ya sa ta fasa, ita kuma sai ta kawar da zancen. Bayan ya tafi kiran ya ragu, daga baya ya tsaya.

Yayarsa dama ba ta taɓa son haɗin ba. Ta sha cewa 'yar mai gyaran agogo ba ajin ƙaninta ba ce. Ba a jima ba Auta ta ji an ba da gurbin hoton ga ƙanwar aminiyar yayar. Yarinyar ta iya aikinta, ba a ƙwace mata wannan ba. Kullum sai ta sa hotunan gadar a shafinta, kuma a kowane hoto, can a gefe, sai ka hango Dogo da hular kwano. Wata rana ta sa wanda suke cin abinci a rumfar ma'aikata, ta rubuta a ƙasa: "Ni da abokin hirata."

Auta ta san aikin gilashi mai faɗi, ta san yana kwaso kowa da kowa ko ba su san ana ɗauka ba. Ta ga ma akwai mutane tsakaninsu a kan bencin. Sanin bai rage mata komai ba. Takan faɗaɗa hoton da yatsu biyu har fuskarsa ta dushe, tana neman ta gane ko yana murmushi.

Rayuwarta ta koma daga shago sai gida. Ƙawayenta suka gaji da tambayar ranar biki, suka daina zuwa. Da yamma takan zauna a bakin taga ta ɗauki duk abin da ta samu, ɗigon ruwa a bakin famfo, zaren da ya zare a hannun rigarta, fiffiken asu da ya mutu a kan taga. Hotunan suna yin kyau. Babu wanda za ta tura wa.

Ana nan, ran nan da hantsi, yayar Dogo ta shigo shagon da agogon mijinta. Auta na bayan labule.

"Baba, a duba min wannan. Ina 'yar taka? Ko har yanzu kunyar fitowa take ji?"

"Kunyar me?"

"Au, ba ta gaya maka ba? Ƙanina ya sha wahala ya samo mata aiki, ya kai ta shago zai yi mata sayayya, ta dube shi a gaban mutane ta ce ba za ta bi shi ba. Ta karɓe kyautar kuma ta yi gaba. Ni dai na gode Allah, ya huta."

Baba ya karɓi agogon ya ce, "A dawo gobe."

Bayan ta fita ya ɗaga labulen. Auta na tsaye kusa da kyamarar.

"Wannan gilashin, shi ne kyautar?"

"Baba..."

"Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne."

Ya laluba kujera ya zauna.

"Na ce ki rufa min asiri. Ban ce ki rushe gidanki tun ba a gina ba."

"In na tafi, wa zai zauna da kai?"

"Da kin tambaye ni ai. Tsufa na yi, ban mutu ba."

Duk yinin bai ƙara yi mata magana ba.

Washegari yayar Dogo ta dawo, ta tarar da wasu mutum biyu suna jiran nasu. Baba ya miƙa mata agogon, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ba ni na gyara ba. Idona ya tafi, na daɗe ba na ganin cikin agogo sai an nuna min a allo. 'Yata ce ke gyarawa, ni baki kawai nake sawa. Saboda ni ta ƙi tafiya. Wanda ya yarda ya bar agogonsa, wanda bai yarda ba ga ƙofa."

Ɗaya daga cikin mutanen ya karɓi nasa ya fita. Ɗayan ya ce shi dai tun da aka gyara masa na baya bai ƙara tsayawa ba, ya zauna. Yayar Dogo ta ɗauki jakarta ta fita.

Baba ya ce Auta ta kira masa Dogo. Ta ce ba za ta iya ba. Sai ya fita da wayarsa wurin tela na kusa da su, ya sa aka nemo masa lambar. Ba ta ji abin da suka ce ba.

Aka kwana biyu babu labari. Maganar idon Baba ta zaga unguwa, masu kawo agogo suka ragu sosai, yayyenta suka yi ta kira suna faɗa don me aka ɓoye musu. Auta ta fara ɗaukar wa masu sayar da zobba da sarƙoƙi hotunan kayansu don ta cike giɓin. Ta cire rai da Dogo.

Ranar da Dogo ya zo tana durƙushe tana share ƙasan teburin. Takalman ta fara gani, jar ƙasa ta bushe a jikinsu.

Ya rame, rana ta ƙona shi. Ya gaida Baba. Baba ya amsa, ya ce zai je ya taya tela hira, ya fita yana bin bango.

"Auta."

"Sannu da hanya."

"Shi ke nan abin da za ki ce min?"

"Na yi masa alkawari, Dogo."

"Ni ma kin yi min." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kin san abin da na yi ta tunani a can? Na ce ko wani ne. Na ce ko ni ne na yi wani laifi. Babu abin da ban zargi kaina da shi ba. Ko cewa kika yi akwai dalilin da ba naki ba ne, da na jira."

"Da ka ci gaba da tambaya har sai na faɗa. Na san ka."

Ya sunkuyar da kai, don ya san gaskiya ce.

"Ita fa?" ta ce, idonta a ƙasa. "Abokiyar hirar taka."

"Wace... oho. Na gaya mata tun farko akwai wadda nake jira, ko da kuwa ba ta jirana. Yaya ma na gaya mata haka jiya, a gidanta na sauka. Ba ta ji daɗi ba. Za ta saba."

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Har yanzu ba zan iya bin ka ba. Idon Baba ƙara tafiya yake yi."

"Na sani."

"Kuma aikin naka da saura."

"Da saura da yawa. Zan riƙa zuwa duk hutu, in an gama gadar in nemi a dawo da ni nan. Ba zai yi daɗi ba, zuciyata, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na gwada zama babu ke, ya fi wannan wuya."

"In wani abu ya sake faruwa fa?"

"Ki faɗa min. Ko rabinsa ne."

Ta gyaɗa kai. Ya karɓi tsintsiyar daga hannunta ya jingine ta a bango.

A hutunsa na gaba aka ɗaura auren, ba taro mai yawa. Yayarsa ta zo, ta zauna can baya, amma ta zo. Suka kama ɗaki a saman shagon, inda Auta za ta riƙa jin motsin Baba ta ƙasa.

Hutun ya ƙare kamar ba a yi ba. Ta raka shi tasha da safe, ta tsaya har motar ta sha kwana. Sai ta juyo ita kaɗai, ta bi titin da ta saba bi, ta buɗe shago, ta yaye wa kyamara ƙyalle. Ɗakin sama shiru, rigarsa ɗaya na rataye a bayan ƙofa.

Ta zauna, ta ji kewar ta taso mata tun motar ba ta bar gari ba. Ta ɗauki waya ta kira shi.

"Lafiya? Na manta wani abu ne?"

"A'a. Ka ce in riƙa faɗa maka... To, ba na jin daɗi."

Ta ji ya sauke ajiyar zuciya, ƙarar injin motar na tashi a bayansa.

"Ni ma haka. Kada ki kashe, yi min hira har mu fita gari."