Rautar Gidan Alhaji Bawa

Ruwa Saudatu ta kai zaure ranar da ta fara ganin Lawwali, ruwan ma rabin moɗa, don a shekarar rijiyoyin Isa sun ja baya, gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Saurayin ya kurɓa kaɗan, ya miƙo mata sauran, ya ce a kai wa wani mai ƙishi. Ta ɗago ido don ta ga wane irin baƙo ne wannan, shi ma ya ɗago. Shi ke nan, aikin gama ya gama.

Farin ne ya kawo shi gidan. Yayyen Saudatu duk sun tafi ci-rani kudu, mahaifiyarta Inna Fatu ta rame da kewar su, ga sabis ɗin waya ba ya ratsa katangun gidan. Sai 'ya'yan suka ce a sa rauta, na'urar da ke kamo sabis ta watsa shi cikin gida, don Inna ta riƙa ganin fuskokinsu. Lawwali kuwa shi ke sayar da irin waɗannan kaya a kasuwar Isa.

Gidan Alhaji Bawa, mahaifin Saudatu, gari guda ne, sassa bayan sassa, katangar ƙasa mai kaurin kamu biyu. Lawwali ya baje kayansa a tabarma. Alhaji, wanda ya yi rayuwarsa yana zaɓen shanun huɗa, ya nuna wata baƙa mai eriya tsaye cirko-cirko, ya ce wannan mai ƙahonin ita ce ƙaƙƙarfa. Cikin ladabi Lawwali ya ce ƙaho ba ya huda katanga. Gida irin wannan uwa da 'ya yake so: babba a zaure, ƙarama a tsakiyar gida, ɗaya na miƙa wa ɗaya. Alhaji ya yarda da ƙyar.

Sai dai namiji baligi ba ya wuce zaure a gidan. Saboda haka Saudatu ce ta zama idonsa. Ta ɗauki ƙaramar tana zagayawa da ita ɗaki-ɗaki, waya a kunne, shi yana zaure yana tambaya.

"Ina kike yanzu?"

"Bakin rumbu."

"Sandar sabis nawa kika gani?"

"Biyu. Ɗaya tana ɓacewa tana dawowa."

"Matsa gaba kaɗan. Yi mani magana, kada ki yi shiru."

Aikin da bai fi na rabin yini ba sai da ya ci kwanaki, kuma babu wanda ya yi ƙorafi a cikinsu. Ta ba shi labarin durumin tsakar gida da inda kaji ke kwana, har ya san gidan kamar a ciki aka yanke masa cibiya. A ƙarshe aka ajiye ƙaramar a ɗakin Inna, aka ja mata waya daga sola. Da Inna ta ga fuskar ɗanta na fari a waya, sai ta shafa gilashin tana hawaye.

Da yamma saƙo ya shigo wa Saudatu: "Sauda, tauraruwar Gobir, aiki ya ƙare amma kunnena ya ƙi yarda. Ki ba ni izini in aiko magabatana."

Ta karanta har ta haddace. Ta amsa: "Ƙofar zaure ba ta da kuba, Lawwalina."

Daga nan Saudatu ta shiga wata duniya. Tana tankaɗe tana murmushi, tana kallon sararin da babu ko ɗigon girgije tana ganin ya yi mata kyau. Son shi take yi, so mai sanyi, ba ta kuma ɓoye wa zuciyarta ba.

Ana cikin haka sabis ya ɗauke a cikin gida ɗif. A zaure yana nan, amma daga soro na biyu ko sanda ɗaya babu. Lawwali ya zo ya duba babbar, ya ga lafiyarta lau. Ya aika a tambayi ƙaramar, Inna ta ce tana nan inda ta adana ta, ko ƙuda bai taɓa ta ba. Alhaji ya hasala, ya ce dama ya faɗa, yaron iska yake sayarwa. Mai sayar da iska kuwa ba zai riƙe masa 'ya a shekarar yunwa ba. Ya hana shi zuwa, ya ce wa magabatan Lawwali su dakata.

Attahiru, wani mai sayar da hatsi da ya daɗe yana neman Saudatu, bai yi sanya ba. Ya aiko da rauta mai ƙaho takwas kyauta, ya ce ma'aikaci na tafe daga Sakkwato ya haɗa ta. Aka jingine ta a zaure, dattawa suna ƙirga ƙahoni suna jinjina kai. Alhaji ya ce ba zai yi wa 'yarsa dole ba, amma ta dubi bambancin da idonta.

Saudatu ta duba, ba ta ga komai ba sai Lawwali. Zaure cike yake da maza tun safe, ba wurin da budurwa za ta tsaya tana latsa waya ba ne. Wayarta ta yi shiru, zuciyarta ta fara raya mata cewa ya yi fushi ya haƙura.

Wata safiya Inna ta sa ta goge jeren kwanonin ɗakinta da tsumma, tun da ruwan wanki ya zama zinariya. Ta kai kan babbar kwalla, wadda Inna ke ajiye turare da zannuwan aurenta, sai ta ga wata siririyar waya ta shige ƙarƙashin murfi. Ta ɗaga. Ga ƙaramar rauta kwance a kan zani, an rufe ta ruf cikin ƙarfe. Inna ta ga abin da ke kawo mata 'ya'yanta ya fi ƙarfin a bar shi a fili, shi ya sa ta ba shi wuri mafi daraja a ɗakin.

Ba a jima da ɗaga murfin ba wayar Saudatu ta hau ƙara, saƙonni na shigowa kamar an ɓalle bakin buhu. Na ƙarshe ya ce: "Ko kin zaɓi mai ƙahoni, ki gaya mani da bakinki, Sauda. Shirunki ya fi farin ga ƙona ni."

Ta kira shi tana dariya tana kuka, ta gaya masa inda ta iske ƙaramar, ta ce yanzu za ta je ta wanke shi gaban Alhaji.

"A'a," in ji Lawwali. "In kin faɗi, gidan ga duka za su yi ma Inna dariya, har jikoki. Ƙauna ta sa ta rufe ta. Ki bar laifin bisa kaina, za ni san dabara."

Washegari ya aiko da wani kwando mai murfi, saƙar kaba mai ado ja da kore, ya ce a gaya wa Alhaji kuskurensa ne da bai kawo wa na'urar mazauninta ba tun farko. Saudatu ta mayar da ita ciki, sabis ya cika gida har bayan rumbu. Alhaji ya ce ai ga shi, yaron da kansa ya amsa sakacinsa, maganar aure kuwa tana nan yadda ya yanke.

Amma Inna ba yarinya ba ce. Ta dubi kwalla, ta dubi kwando, ta dubi idon 'yarta da ya kumbura. Ta yafa mayafi ta nufi turakar Alhaji.

"Malam, ni na kashe na'urar ga, cikin kwalla na sa ta. Yaron ga ya sani, ya ɗauki kunyata ya aza ma kainai, ya yarda ya rasa abin da yake so. Wanda ya rufa ma tsohuwa asiri, ɗiyarka ba ta tozarta hannunai."

Alhaji ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce a mayar wa Attahiru ƙahoninsa da godiya, a kuma ce wa magabatan Lawwali yana jiran su.

Ba a jira damina ba. Aka ɗaura aure da dabino da goro, aka dama fura gwargwadon hali. Alhaji ya dafa kan 'yarsa ya ce Allah Ya sa gidansu ya zama inuwa, Inna ta ce Allah Ya rufa musu asiri duniya da lahira, mata suka amsa da amin.

Da aka kai amarya, ta ɗaga mayafi ta ƙare wa gidan kallo: ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa. Ta tambaye shi cikin zolaya wace irin rauta zai zaɓa wa wannan katafaren gida.

"Babu ko ɗaya, amaryata," in ji Lawwali. "Nan ko raɗa kika yi, ina jin ki."