Jini a Ƙarfen Giya

Bayan la'asar ɗin ranar Talata aka bugo waya komisariya, ofishin 'yan sanda, cewa wani mai moto, wato babur, ya faɗi a cikin duwatsun bakin gari, ta hanyar Gidimuni, kuma ya cika. Sufeto Safiyanu ne ya je. Shekararsa goma sha tara yana aiki a Damagaram, ya ga gawar 'yan moto har ya daina tuna fuskokinsu, amma wannan ta tsaya masa a rai.

Mamacin Alkasum ne, mai yi wa dabbobi allura a ƙauyuka. Yana kwance rigingine, ƙeyarsa a fashe, babban motonsa a kife gefe guda. A ƙafarsa akwai bot, dogon takalmin fata mai kaurin baki irin na masu doguwar tafiya.

Safiyanu ya tsuguna ya leƙa ƙarfen giya, wanda ake ɗagawa da ƙafar hagu. A ƙarƙashinsa ya ga jini ya bushe, da 'yar fata a maƙale. Ya sa aka zare wa mamacin takalmin. Babu rauni ko ɗaya a ƙafar, babu safa, sai laka da ta bushe a tsakanin yatsu.

Ya daɗe yana kallon ƙafar nan kafin ya ce a rufe ta.

Washegari da hantsi ya tura moton garejin Bukar, bakaniken da ke gyara wa Alkasum.

"Malam Bukar, wannan ƙarfen haka ya zo daga kanti?"

"A'a, sufeto. Ni na ɗaga shi. Bot ɗinsa bakinsa da kauri, ba ya shiga ƙarƙashi, sai na kwance na ƙara masa tsayi. Robar kansa ma ta daɗe da fita, ya ce a bar shi, takalmin ya ishe shi."

"In mai silifa ya hau fa?"

Bukar ya girgiza kai. "Zai sha wuya. Mai bot ɗan motsa idon sawu kawai yake yi, giya ta faɗa. Mai silifa kuwa sai ya ɗauke ƙafar gaba ɗaya ya fizgo da bayan yatsa. Rabi ta shiga, rabi ta kuɓuce, injin ya yi ta ihu. Kafin ya fita gari ƙarfen ya cinye masa fata."

"Wa ke hawa ban da shi?"

"Babu. Ko ni sai da izini."

Daga nan Safiyanu ya shiga unguwar Birni a ƙafa, don lungun gidan mamacin ba ya ɗaukar mota. An shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofa. Ƙanen mamacin, Rabi'u, tela ne, shi ke karɓar gaisuwa. Ya miƙe ya ba sufeto hannu biyu.

"Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, ranka ya daɗe."

"Jiya ina kake da azahar?"

"Ina shago a kasuwa, ban tashi ba sai da aka aiko."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Tun asuba. Na ji ya ce za shi Gidimuni."

Safiyanu ya dubi takalman da aka jere a bakin tabarma, duk silifa ne. Rabi'u kaɗai ke zaune da safa a wannan zafi na watan Afrilu. Sai sufeto ya nemi iso wurin mahaifiyarsu.

Hajiya Kulu na zaune a ɗakinta, carbi a hannu. Idonta ya mutu shekara shida da suka wuce.

"Inna, kin ji fitarsa jiya?"

"Na ji moto ya tashi bayan azahar."

"Shi ne?"

"Wa zai kasance in ba shi ba?"

Carbin ya tsaya a hannunta. Da ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Yaro, ni da kunne nake gani. In Alkasum ya tashi, sau uku nake jin muryar moton ta sauya kafin ya kai kwanar masallaci, a hankali, kamar mai hawa matakala. Na jiya kuka ya yi ta yi, yana shaƙewa yana sake ihu. Tun jiya bai fita daga kunnena ba. Ko yanzu da kake magana ina jin shi."

"Da safe ina ya tafi?"

"Lambun babansu, a bayan duwatsu. A ƙafa suka fita."

"Suka? Shi da wa?"

Ta juya fuskarta ga bango. "Na gaji. Ka tafi."

Safiyanu ya fito. Ya zauna cikin masu makoki har aka kira azahar. Mutane suka ja butoci. Rabi'u ya ɗauki tasa ya zagaya bayan zaure, sufeto ya bi shi. Ya same shi ya zare safar hagu, bayan babban yatsan ya saluɓe, ya kumbura, yana ruwa.

"Keken ɗinki ne ya ji mini," in ji Rabi'u, ba tare da an tambaye shi ba.

"Keke ba ya cizo ta sama. Akwai fata a ƙarfen giyar yayanka, likita na iya gwada ta da taka. Kuma wanda ya fito ban ruwa da laka a ƙafa ba ya zura bot haka, sai dai a zura masa."

Butar ta karkace a hannun Rabi'u, ruwan ya tsiyaye a yashi har ya ƙare.

"A kan dabinan Baba ne," ya ce. "Na ce a sare biyu a faɗaɗa rijiya, ya ce sai dai bayan ransa. Ya zage ni, na ture shi. Turewa ɗaya. Ya faɗa kan dutse, na kira shi bai amsa ba. Tsoro ya kama ni. Na ja shi bakin hanya na ɓoye, na dawo gida na ɗauki moton da takalmin don a ce haɗari ne."

"Ka san ƙarfen na mai bot ne. Takalmin na hannunka. Me ya hana ka sawa?"

Rabi'u ya ajiye butar.

"Na sa ƙafa ɗaya a zaure. Sai na ji gurbin yatsunsa a ciki, kowanne da wurinsa. Na cire. Gara ƙarfen ya ci ni."

Safiyanu ya bar shi ya sake cika buta, ya yi alwala, ya yi salla. Bai sa masa ankwa ba, hannunsa kawai ya riƙe.

"Ranka ya daɗe, mu bi ta baya. Kada Inna ta ji."

Suka bi ta lungun baya, ta gindin katangar ɗakinta, Rabi'u na ɗingishi a cikin yashi. Suna daidai tagar sai muryarta ta fito, ba da ƙarfi ba.

"Rabi'u. Ka sa magani a ƙafar nan."

Rabi'u ya tsaya. Safiyanu ya jira shi kaɗan, sannan ya ja hannunsa suka wuce.