Rabin Hektar Giginyu

Magariba ta kawo jiki a Gaya, Hawa na kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo cikin tukunyar miya. Ba kowa a bayan katanga. Na biyu ya fasa randa. Kaji suka yi tsit.

Mijinta Sagiru shi ke riƙe da na'urar ƙungiyar manoman shinkafa ta bakin kogi, kuma mutum ne mai son a ce ya iya. Tun da aka kafa rumbun bayanan gonakin, gurbin hekta cikakkiyar lamba kaɗai yake karɓa. Gonar hekta biyu da rabi, biyu take fitowa, rabin ya zube. Da haka wani ɗan fili na rabin hekta mai giginyu ya zauna shekaru ba na kowa ba. Sagiru ya mai da gurbin mai karɓar wakafi, yadda biyu da rabi za ta fito 2,5. Rabin ya bayyana, aka ba wani, aka sare giginyun. Ya sha yabo har ya ƙoshi.

Jifa bai tsaya ba. Ran nan da almuru, Mansura, 'yarsu tilo, ta ajiye tsintsiya ta zauna tsakar gida tana dariya da muryar tsoho. Hawa ta rushe da kuka. Aka ɗauko Malam Labo daga Tunuga.

Malam ya daɗe yana karatu a kunnenta kafin jikin ya sandare.

"Wane ne kai? Mi ka kawo ka?"

"Mai giginyu. Injinsu ya manta da ni, na zauna lafiya. Wannan ya tuna."

"A maido maka filinka, ka sake ta."

"Ku tsai da giginyun in gani."

Sagiru ya durƙusa. "Gyara kawai na yi, wallahi."

"Ka gyara. Da, abu ko namu ne duka ko naku ne duka. Kai ka koya mani ana rabawa."

Malam ya matsa da ayoyi har gumi ya jiƙa rawaninsa. Muryar ta yi ƙara, ta ce za ta fita, amma da rabonta. Mansura ta yi atishawa ta faɗi.

Gidan ya yi lafiya, ko tsakuwa ba ta sake faɗowa ba. Sai dai daga ranar idon Mansura na hagu ba ya gani, hannu da ƙafar wannan gefen jan su take yi.

Bayan damina masu rigakafi suka shigo, suka tambayi Sagiru yara nawa ne a gidan. Ya waiwaya wajen 'yarsa. Daga bakin ɗaki Mansura ta ɗago, ta yi magana da rabin bakin da ke motsi.

"Baba, ka ce su sa wakafi."