Idon Jakin Mai Tukwane

A can wani zamani an yi wani mai tukwane wanda bai yarda da kowa ba, har jakinsa.

Wata rana idon jakin na hagu ya kumbura, yana ta hawaye. In an fito rana ya runtse shi, in an shiga inuwa ya buɗe.

Mai tukwane ya ce, "Makirci ne! Aiki yake gudu."

Ciwon ya lafa, ya sake dawowa. Maƙwabcinsa, abokin sana'arsa, ya ce, "Malam, wannan ciwon kowace dawowa sai ya rage wa dabba gani. Ɗaure shi a inuwa, ka kare masa ƙuda, ka kira likitan dabbobi."

Mai tukwane ya harare shi, ya ce a ransa, "Makirci ne! So yake ya riga ni kasuwa."

A haka har idon ya yi fari fat.

Ranar kasuwa jakin ya zo shiga ƙofar gari, bai ga bangon da ke hagunsa ba. Tukwane suka tarwatse.

Mai tukwane ya buɗe baki zai ce makirci ne, sai ya yi arba da farin idon. Ya mayar da bakinsa ya rufe.