Kujerar Bayan Direba

Da faɗa suka fara. Torika na cikin shagon burodi na bakin tashar Labasa tana shafa bota a burodin wata tsohuwa, sai ga doguwar bas ta tsaya daidai ƙofar shagon tana ta danna hon.

Ta leƙo da wuƙar bota a hannu. "Kai direba, an ce maka kurame ne a nan?"

Direban ya zuro kai ta taga, dogo, baƙi, da jan fure maƙale a kunne. "Yi haƙuri 'yar'uwa, ƙamshin burodin ne ya taka mini birki."

"Birki ya taka maka ko hon?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, har da dukan sitiyari. Ita kuwa ta ɗaure fuska ta miƙa masa burodinsa, sai da motar ta ɓace sannan ta saki murmushin da ta danne.

Sunansa Peniasi, shi ke jan bas daga Labasa zuwa Savusavu. Daga ranar kullum sai ya tsaya, kuma kullum sai sun yi musu, har musun ya koma hira, hirar ta koma saƙon waya.

"Burodina mai zafi, na hau tsauni lafiya na sauka lafiya. Fasinja na tambayar me ya sa nake tuƙi ina murmushi ni kaɗai. Ban gaya musu ba, kada su ce su ma suna so."

Ta mayar masa: "Direbana, kalli hanya ka bar kallon waya. Da ƙafafunka nake so ka dawo mini."

Kafin shekara ta zagayo magana ta yi nisa. Kawunsa ya riga ya tanadi tabua, haƙorin babban kifin teku da ake neman aure da shi, an kuma tsayar cewa da an gama saran rake za su zo gidan su Torika.

Ana cikin haka ne wata safiya ta shiga banɗaki kafin ta fita aiki. Da ta juya za ta kora ruwa sai ta tsaya cak. Fitsarin ja ne, kamar ruwan da aka wanke nama. Ba lokacin al'adarta ba ne, kuma babu inda ke yi mata ciwo.

Ta san wannan launin. Tana 'yar yarinya ita ke zubar da bokitin mahaifinta lokacin da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ta ga yadda mahaifiyarta Akanisi ta yi ta jigila da shi zuwa wankin jini har ta rame ta koma kamar sanda, a ƙarshe kuma ya rasu.

Ba ta gaya wa kowa ba, ta wuce asibiti. Likitar ta gwada fitsarin ta ba ta ƙwayoyi. Jinin ya ɗauke, Torika ta fara numfashi, sai kuma ya dawo. A zuwa na biyu aka ɗebi jininta, aka sa mata ranar ɗaukar hoton ƙoda, makonni a gaba.

"Abubuwa da yawa na kawo wannan, kuma yawancinsu suna da magani," in ji likitar. "Ki sha ruwa sosai. In zazzaɓi ya kama ki, ko fitsarin ya ƙi fita, ki dawo nan take. In ba haka ba, sai haƙuri."

Haƙurin ne ya gagara. Ta zauna ta miƙe, ta miƙe ta zauna. Tana tsoron shiga banɗaki, kuma ba ta iya daina shiga. In ta ga fitsarin fari sai ta ce ɓuya ciwon ya yi, in ta gan shi ja sai ta ce tata ta ƙare. Ta buɗe waya ta karanta abin da ke kawo jini a fitsari, idonta ya tsallake duk masu sauƙin ya sauka kan ciwon daji, ta kife wayar, can an jima ta sake ɗauka. A shago ta ƙone tire guda na burodi, har mai shagon ta ce ta je ta huta na ɗan lokaci.

A gida kuwa sai ta yi ta share-share da goge-goge don kada mahaifiyarta ta kalli idonta. Matar da ta sha wannan wahala sau ɗaya, da wane baki za a ce mata ga ta biyu? Peniasi fa? Ta tuna mahaifiyarta goye da namiji babba zuwa bakin titi, ta ga Peniasi a wannan halin, sai ta ɗauki waya.

"Peni, ka ce wa kawunka ya dakata da zuwa tukuna."

Amsa ta shigo nan da nan. "Me na yi, sarauniyata? In laifi ne faɗa mini in durƙusa."

Ta karanta ta rufe saƙon. Ya kira, ta bar wayar tana ruri.

Abin da Torika ba ta sani ba shi ne, ranar da ta tsaya a layin gwaji da 'yar kwalba a hannu, Salanieta na zaune a bencin baya. 'Yar ƙauyen su Peniasi ce, ta daɗe da sa masa ido, kuma ita ce mahaifiyarsa Losalini, wadda yake kira Na, ta so ya aura tun farko. Kafin rana ta faɗi labarin ya isa ƙauye, ya kuma ƙara ƙiba a hanya.

Torika na shanya wanki a bayan gida sai ta ga Peniasi tsaye gindin bishiyar mangwaro, babu fure a kunnensa.

"Sala ta ce ta gan ki a asibiti da kwalbar fitsari ja," ya ce. "Na ta ce ba za ta bari a ɗauki tabua zuwa gidan ciwo ba. Ta ce ko dai irin na mahaifinki ne, ko kuma irin wanda ake ɗaukowa a yawo."

Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. "Kai ma ka yarda?"

"Da na yarda da ba ki gan ni nan ba. Abin da ya ƙona mini rai, a bakin Sala na ji. Ni ne na hon da burodi kawai, ko? In abu ya yi nauyi sai a rufe mini ƙofa?"

Nan kuka ya ƙwace mata. Ta gaya masa komai, ƙasa-ƙasa don kada a ji daga ɗaki.

"Ka je ka auri mai lafiya, Peni. Na ga yadda jinya ke cinye mutum."

"Likita ta ce irin ciwon Babanki ne?"

"Ba ta ce ba."

"To ke kika zama likitar?" Ya ɗauki rigar ya kakkaɓe ya rataya a igiya. "Ban iya hoton ƙoda ba, ban iya jawo ranar kusa ba. Amma zaman nan da kike yi ke da tunani shi zai kashe ki kafin ranar. Gobe ki zo tasha. Kujerar bayana taki ce."

Haka ta fara bin bas zuwa Savusavu ta dawo, ba don tana da abin yi a can ba. Wayarta na aljihun Peniasi, gorar ruwa na cinyarta. Iska na shigowa ta tagogi, gonakin rake na wucewa, mata na hawa da damin gwaza da buhunan kwakwa suna ba ta jarirai ta riƙe musu. Tsoron bai tafi ba, yana nan zaune a ƙirjinta, amma ya sami abokan zama.

Matsalar ɗaya ce, mai shan ruwa haka dole ta nemi tsayawa. In ta taɓa kafaɗarsa sai ya gangara gefen titi ya miƙe yana riƙe mara.

"Jama'a a yi haƙuri, direba zai zaga. Duk mai so ya sauka."

"Kai Peni, kuma?" wani dattijo ya ɗaga murya. "Jiƙon yangonar da kuka sha a hira jiya ne bai gama fita ba?"

"Wannan mafitsarar taka ta jariri ce!" in ji wata mata. "A sayo masa nafkin!"

Ya bar su suna yi masa tsiya, ita kuma ta sulale ta sauka cikin masu sauka.

Wata ranar Alhamis motar ta tsaya a mararrabar ƙauyen su Peniasi, sai ga Losalini ta hau da kwandon kasuwa. Motar cike take, wuri ɗaya ya rage, kusa da Torika.

"Barka da safiya, Nei," Torika ta gaishe ta da kalmar girmamawa da ake kiran gwaggo.

"Barka," Losalini ta amsa tana kallon gaba.

Motar ta ci gaba da tafiya. Mara ta cika wa Torika, ta daure, ta daure, har gumi ya keto mata. A ƙarshe ta taɓa kafaɗar Peniasi. Ya tsaya ya yi sanarwarsa, aka yi masa tsiyar da aka saba. Losalini ta kalli ɗanta, ta kalli gorar ruwan, ba ta yi dariya ba.

Wurin fili ne, ciyawar gajera. Torika na waige-waigen inda za ta fake sai ta ji motsi a bayanta. Losalini ce ta kwance zanen da ta ɗaura a kan siket, ta ware shi da hannu biyu ta kare ta daga titi.

"Yi sauri, yarinya."

Da Torika ta miƙe ta kalli ƙasa, ja ne, ya fi na kullum. Ta dafe baki. Losalini ta sauke zanen ta gani.

"Me mahaifiyarki ta ce?"

"Ba ta sani ba, Nei. Ba zan iya gaya mata ba."

"Tun yaushe kike ɗauke da wannan ke kaɗai?"

Hawaye suka zubo wa Torika. Dattijuwar ta kama bakin zanen ta share mata fuska da ƙarfi kamar mai wanke yaro.

"Ban ce na yarda da komai ba. Amma uwa ba ta jin irin wannan a bakin 'yan kasuwa. Yau zan raka ki wurinta."

Da yamma suka zauna kan tabarma su uku. Akanisi ta saurara har ƙarshe, hawaye na bin kumatunta, sannan ta jawo 'yarta jikinta.

"Ke wahalar kawai kika gani, Torika. Ba ki ga yadda yake sa ni dariya a layin asibiti ba. Da za a dawo mini da shi da ciwonsa, da gudu zan karɓa. Wa ya ce miki ki yanke wa yaron nan hukunci?"

Losalini ta sunkuyar da kai tana murza bakin tabarma.

Ana saura kwana kaɗan a ɗauki hoton saƙo ya shigo wa Torika.

"Sarauniyata, na ce wa Na in na jira sakamako to takardar likita na aura, ba ke ba. Yau da safe na same ta tana shafa wa tabua man kwakwa da hannunta. Asabar muna tafe. Ki ce wa mutanenku su daka saiwar yangona ta tarbar baƙi."

Ta karanta ta sake karantawa, ta rubuta: "Ko da labarin bai yi daɗi ba?"

"Ko da bai yi ba. Ke nake so, da ƙodarki da komai."

Ranar Asabar kawunsa ya durƙusa kan tabarma riƙe da tabua ya yi doguwar magana, kawun Torika ya miƙa hannu ya karɓa, maza suka tafa.

Ranar hoton kuwa uwaye biyu ne suka sa ta a tsakiya a benci, Peniasi na kai da komowa a baranda kamar kazar da za ta yi ƙwai. Da aka shafa mata abin sanyi a ciki Torika ta runtse ido tana addu'a. Likitar ta juyo mata da allon ta nuna wani ɗan farin ɗigo.

"Kin gan ta? Tsakuwa ce a ƙodar hagu, ita ke gurzar ki. Ƙododin lafiya lau, gwajin jinin ma haka. Za mu ba ki magani, da ruwa za ta fita. Saboda tarihin mahaifinki, ki riƙa zuwa duk shekara muna dubawa."

Torika ta fito tana kuka tana dariya, har Peniasi ya rasa wanne zai kama.

"Tsakuwa ce," ta ce.

"Tsakuwa?" Ya zauna daɓas a ƙasa. "Tsakuwa ce ta nemi kifar mini da mota?"

Fitarta ba wasa ba ce, Torika ta yi wuni guda tana murƙususu tana matse hannun Losalini har ya yi shati. Amma ta fita, jinin kuma bai sake dawowa ba.

Aka ɗaura auren a cocin ƙauyen su Torika bayan an gama saran rake. An naɗe ango da amarya da farin masi, zanen gargajiya na ɓawon itace, tabarmi sun yi tsibi a gaban gida, an buɗe ramin da aka gasa abinci a ciki, ƙamshin gwaza da kifi ya cika gari. Salanieta ma ta zo cikin 'yan waƙa, ta gaishe da amarya kanta a ƙasa, Torika ta rungume ta ta bar zancen.

Da aka zo sallama Akanisi ta ɗora hannu ɗaya kan 'yarta, ɗaya kan surukinta.

"Ubangiji ya ba ku lafiya da zuri'a mai albarka. In kuma ya jarraba ku, ya sa ku riƙe juna kamar yadda na riƙe nawa."

"Amin!" Losalini ta amsa da ƙarfi har ta fi kowa, ta kama hannun Torika ta miƙar da ita. "Taso 'yata, mu je gida."